Antusa da Fuskar Waliyyi Foka

Ban taɓa kai wa Antusa kakin zuma ta karɓa da daɗin rai ba. Sai ta ɓalli ɗan guntu ta tauna, ta tofar, ta dube ni sama da ƙasa.

"Domna, wannan kaki ne ko dattin kunnen mijinki?"

"In bai yi miki ba, hau tudu ki roƙi ƙudan zuman da kanki. Sun fi ni haƙuri."

Sai ta karɓa ta shige da shi. Haka muka yi ta yi tun muna 'yan mata har furfura ta cim mana, ni da amyoyina a kan tudu, ita da kaskon garwashinta a gidan da ke bayan coci. Yaran ƙauyenmu na yanzu in za su ambaci sunanta sai su rage murya. Ba su san ta ba ne. Masifaffiya ce ta gani da faɗa, kuma na so ta fiye da 'yar'uwar da muka sha nono ɗaya.

Ubanta Miron shi ne mai zanen waliyyai na duk gaɓar nan, daga ƙauyenmu har birnin Sinofe. Da kaki yake aiki. Sai a dafa kakin cikin ruwan teku, a shanya, a sake dafawa, har ya yi fari tas. Daga nan a narka shi a ƙananan tukwane a kan garwashi, kowace tukunya da launinta. Aikin ba ya jiran mai shawara, domin kana ɗaga kakin daga wuta yake fara daskarewa. Ka shafa shi a kan katako da sauri, sannan ka bi shi da ƙarfe mai zafi kana lallashinsa, har launi ya shiga cikin launi. 'Ya'yan Miron maza ba su yi kwana ba, don haka Antusa ce ta tashi tana fifita masa wuta da niƙa masa launi. Tun kafin ta yi aure yatsunta sun gama ƙonewa. Na sha ganinta ta ɗauki garwashi da hannu ta mayar cikin kasko tana ci gaba da magana.

Aikin Miron na ƙarshe shi ne allon Waliyyi Foka, majiɓincin masu shiga teku. Allon bai fi kamu ɗaya ba. Riga ce ruwan ƙasa, da hannun dama a ɗage yana sa albarka, sai kuma fuskar. Tsoho ne wanda rana ta dafa, ido ɗaya yana kanka, ɗayan ya ɗan wuce ka yana duban ruwa. Sawun ƙarfen Miron yana nan a kumatun, ƙanana-ƙanana, shi ya sa in aka kunna fitila a gabansa sai ka rantse fatar tana motsi. A shekarar da ya gama shi idonsa ya mutu. Ya ce wa Antusa riga da hannu nata ne, ta gyara duk lokacin da suka lalace, amma fuskar kada ta kuskura. Ta zana fuskoki da yawa bayan rasuwarsa, wasu ma har Sinofe aka kai su. Ita da bakinta take cewa in aka jera su kusa da ta ubanta, dukkansu albasa ce aka yi wa ido. Babu mai rai da zai iya sake yin fuskar nan, kuma ta fi kowa sanin haka.

Riga da hannu kuwa kullum cikin lalacewa suke, don mu muke cinye su. In zazzaɓi ya kama yaro, ko naƙuda ta yi tsanani, ko mutum zai fita teku a mugun lokaci, sai a je coci a kankari ɗan launi daga hannun waliyyin ko bakin rigarsa, a cuɗa da zuma a haɗiye. Kakanninmu haka suka yi da allon da ya riga wannan. Kafin shekara ta zagayo Foka ba shi da sauran yatsu. In idinsa ya matso sai a ɗauko shi a kai gidan Antusa, ita kuma ta tsaya a bakin ƙofa ta wanke duk wanda ya kawo shi.

"Fotino, zo ka ga aikinku. Kun ci babban yatsa, kun ci manuni, kun fara gwiwar hannu. Mayu kawai."

Fotino shi ne babban masuntanmu, ƙato ne mai sanyin hali. Sai ya sosa ƙeya. "Yaya Antusa, 'yata ce ta yi tari."

"Tarin ne ya ci har kafaɗa? Ka gaya musu, daga wuya zuwa ƙasa na yafe. Wanda farcensa ya hau gemu, ni da shi ne."

Ba wasa take yi ba. Akwai wata surukar Fotino da ta taɓa miƙa wuƙa wajen kumatun, wai ciwon haƙori take yi, maganin ya fi kusa a nan. Antusa ta biyo ta da ƙarfe mai zafi har bakin rijiya. Tun daga ranar babu wanda ya sake gwadawa.

Ta yi aure sau ɗaya, da wani masunci Kaliniko, mutum mai yawan dariya. Teku ta ɗauke shi kafin su haihu. Ta yi kukanta ta share, ta koma gaban kasko. Masu neman aurenta daga baya ba su ji da daɗi ba. Haka ma wani mai zane daga Sinofe da ya zo yana tallar sabon salo, wai yanzu da gwaiduwar ƙwai ake kwaɓa launi, ba wuta ba ƙuna, ya ce a ba shi Foka ya sabunta shi gaba ɗaya. Ta ce masa a gidansu ƙwai soya shi ake yi, ya kama hanya tun iska tana da kyau.

Mun tsufa a haka, sai jiragen fatake suka fara kawo wani labari. Wai sarki a Kustantiniyya ya ce hotunan waliyyai gumaka ne, a tattara a ƙone. Da farko dariya muka yi. Sarkin da ake yi wa addu'a a coci duk Lahadi, shi zai ƙone Foka? Sai ga waɗanda suka gani da idonsu a Sinofe: an tara alluna a kasuwa, sojoji sun fara tattake fuskokin da takalmi, suka tofa musu yawu, sannan suka cinna wuta. Fada Zotiko, limamin cocinmu, ya daina cin abinci. Mutumin kirki ne, amma ko karen maƙwabci ya yi haushi sai ya nemi gafara.

Jirgin sojojin ya iso ana saura kaɗan idi, lokacin Foka yana gidan Antusa ta gama sabon hannu. Tana hango tutarsu daga taga ta naɗe allon cikin tsumma, ta hau tudu wurina tana haki. Muka sa shi a wata amya da ba ƙudan zuma a ciki, a tsakiyar waɗanda ke cike da su. Duk sojan da ke son ya bincika sai ya zo.

Sojojin ba su da yawa. Hafsansu matashi ne mai tsabtar tufa, da ganinsa bai taɓa warin kifi ba. Suka kwashe ƙananan allunan coci, suka shafe bango da farar ƙasa, suka bi gida-gida. Amma an riga an ba shi labarin Foka tun a Sinofe. Suka birkice gidan Antusa, suka fasa mata tukwanen launi, ba su sami komai ba. Ya tara mu a bakin teku, ya yi magana a hankali, ba tsawa. Ya ce in rana ta take tsaka gobe allon bai zo hannunsa ba, zai ƙone kwale-kwalenmu duka, da komayenmu.

Ƙauyenmu ba shi da gona sai duwatsu. Wanda ya ƙone mana kwale-kwale ana fuskantar hunturu, ya binne mu ne kawai bai haƙa rami ba.

Da la'asar maza suka cika tsakar gidan Antusa. Tana zaune tana tsince fasassun tukwane, ni ina taya ta. Fada Zotiko ne ya fara.

"'Yata, Allah ya san zuciyarmu. Waliyyin yana sama, wannan katako ne da kaki."

"Fada, shekara nawa kana sumbatar katako da kaki? Yau ka gane?"

Fotino ya durƙusa a gabanta, ƙato da shi. "Yaya Antusa, ba wanda ya kai ni cin hannun Foka, kin sani. Amma jikokina me za su ci? Ki ba shi. Zunubin a wuyana."

"Wuyanka ba zai ɗauka ba." Ta dube su ɗaya bayan ɗaya. "In ba shi ya sa takalmi a kan fuskar da ubana ya makance a kanta? Ya tofa mata yawu ina tsaye?"

Wani daga baya ya ce, "To mu mutu da yunwa saboda ubanki?"

Na zaci za ta jefe shi da kasko. Ni kaina raina ya rabu biyu, domin ɗana ma yana da kwale-kwale a bakin ruwan nan. Ta daɗe tana juya wani guntun tukunya a hannu. Can ta ce, "Ba wanda zai ƙone muku kwale-kwale. Gobe da hantsi kowa ya zo nan, da mata da yara da tsofaffi. Kowa ya zo da cokalinsa."

Da safe ta hau tudu ta ɗauki allon. Ta ce in biyo ta da babbar tukunyar zumana, wadda na ajiye don idi. Ban tambaye ta ba, don na ga fuskarta. Muka sauko muka tarar da tsakar gidan ba masaka tsinke, har kan katanga. Sojoji suna can bakin teku suna tara itace.

Ta jingina allon a kan kujera inda kowa zai gani. "Ku dube shi da kyau," in ji ta. "Ku cika idonku." Muka duba. Wasu mata suka fara kuka ƙasa-ƙasa. Sai ta kwantar da shi a cinyarta, ta ɗauko wuƙar da take gyara katako da ita, ta sa a bakin rigar ta ja. Kaki ya naɗo ya faɗa cikin zuma.

Fada Zotiko ya dafe kai. "Antusa, me kike yi?"

"Abin da kuka saba yi a ɓoye. Yau ni ke rabawa. Domna, juya."

Na juya. Ta kankare rigar duka, ta kankare sabon hannun da ko sati bai yi ba, ta kankare shuɗin da ke bayan waliyyin. Mutane suka shigo layi da cokulansu. Fotino ne na farko, yana haɗiyewa hawaye na bin gemunsa. Uwaye suka lakata wa jarirai a baki. Fada Zotiko ya tsaya can gefe yana duban hanya, sai kuma na ga ya zaro cokali daga hannun rigarsa. Da shi ya zo tun daga gida.

Aka kai ga babu abin da ya saura a kan katakon sai fuskar, ita kaɗai, tana kallonmu. Antusa ta ture babbar tukunyar da ƙafa, ta jawo ɗan kwanonta na cin abinci. Surukar Fotino, mai ciwon haƙorin nan, ta matso da cokali.

"Koma," in ji Antusa. "Wannan ba naku ba ne."

"Rowa za ki yi mana a rana irin ta yau?"

"Rowa zan yi."

A nan ne na gane. Duk shekarun nan da jar ƙasa da rawayar ƙasa da baƙin fitila take gyara riga da hannu, abubuwan da ko akuya ta lasa ba abin da zai same ta, don ta san cikinmu za su. Fuskar kuwa Miron da farin dalma ya yi ta, shi ke ba fata wannan hasken, da wani ja da ake kawowa daga nesa. Dukkansu guba ne. Tun muna yara in ana niƙa su ake korar kaji daga gidan. Na kama wuyan hannunta.

"Antusa, kin san abin da ke ciki."

"Ni na niƙa shi."

"To mu zuba a teku. Mu binne a ƙarƙashin amya. Ba dole sai kin ci ba."

"Fuskar waliyyi ce, ba ƙashin kifi ba. Ba a zubar da ita." Ta zare hannunta. "Sake ni, ƙawata. Rana tana yi."

Ta fara daga gemu. Ta bi kumatu, ta bi goshi. Idanun ta bari ƙarshe, kuma a nan ne kawai ta dakata, ta ce wani abu da ban ji ba. Sannan ta ja wuƙar sau biyu. Ta zuba zuma a kwanon, ta cuɗa da yatsa, ta cinye, ta suɗe kwanon.

Muka rankaya bakin teku gaba ɗayanmu, tana gaba da katakon a hammata. Masunta suka bi bayanta, kowa da abin da ya saba riƙewa, wani ƙugiya, wani sandar tuƙi. Ta ajiye katakon a gaban hafsan. Ya juya shi gaba da baya.

"Ina hoton?"

"Mun cinye, ranka ya daɗe."

"Tsohuwa, ba wasa na zo yi ba."

"Dubi bakin yaran nan, har yanzu da zuma. Riga tana cikin waɗannan, hannu yana cikin waɗancan." Ta bugi ƙirjinta. "Fuskar tana nan. In ƙonewa ce, ga itace ka tara. Fara da ni, na fi bushewa."

Ya dube mu, ya dubi sojojinsa, ya dubi ƙugiyoyin. An aiko shi ne ya tabbatar babu sauran hoto a ƙauyen, kuma babu. Amma ba haka ya so ba, ya so ne mu tsaya mu kalli takalminsa a kan Foka. Ya ɗaga hannu ya kwaɗa mata mari, ta faɗi a kan tsakuwa. Fotino ya yunƙura, ta daka masa tsawa daga kwance ya tsaya. Ta tashi da kanta, ta tofar da jini. Hafsan ya jefa katakon cikin wuta, ya ci nan da nan, domin ya sha kaki. Kafin yamma jirginsu ya tashi. Kwale-kwalenmu suna nan a jere, ko ɗaya ba a taɓa ba.

Ciwon bai jira ba. Cikinta ya murɗe, ta yi ta birgima a ƙasa tana cizon bargo, dasashinta ya yi shuɗi. Na kwashe kayana na koma gidanta, ina ɗura mata madarar akuya tana zagina. Duk hunturun nan muna jiran mutuwarta, ita kuwa ta ƙi. Da bazara ta miƙe, ta rame kamar sanda. Amma hannun damanta ya saki daga wuyan hannu, ya rataye, ko cokali ba ya riƙewa. Ba ta sake ɗaukar ƙarfe ba. Ni ma ban sake dafa kaki a ruwan teku ba, don ba wanda zan kai wa.

Ban san wanda ya fara ba. Wata safiya dai na fito na tarar da masunta a ƙofar gidan, huluna a hannu, za su fita kamun farko na shekara. Coci fari fat, ba inda za su tsaya. Sun ce fuskar tana cikinta, don haka wurinta suka zo. Fotino ya sunkuya ya sumbaci mataccen hannun.

"Kai, tashi min a nan. Ni ba allo ba ce. Saura ku zo da wuƙa ku kankare ni."

Amma washegari tun kafin su zo ta sa na fito mata da kujera. Haka ta yi ta zama a ƙofar nan kowace safiya har ƙarshen ranta, tana zaginsu suna sumbatar hannun, su wuce teku.

Wata rana muna zaune, layin ya ɗan tsinke, sai ta ce da ni ba tare da ta juyo ba, "Domna, wane ido ne yake duban ruwa? Na dama ko na hagu?"

Na buɗe baki, sai na ga ni ma ban sani ba.

"Fuskar ta tafi," in ji ta. "Ina rufe ido in neme ta, sai gemun kawai nake samu. Shi ma ya fara gudu." Ban taɓa jin muryarta ta yi haka ba, ko ranar da aka kawo labarin Kaliniko. Tausayinta ya kama ni.

"Kin yi da-na-sani?"

Ta juyo ta harare ni, harara irin ta da. "An taka ta?"

"Ba a taka ba."

"An tofa mata yawu?"

"A'a."

"To rufe min baki."

Wani masunci ya iso da koma a kafaɗa, ya tsaya yana jira. Ta sa hannun hagu ta ɗago na daman daga cinyarta, ta miƙa masa.